Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Da Ke Kula Da Yawon Buɗe Ido A Jihar Gombe, Kan Dutsen Bima Da Ƙauyukan Bakin Tafkin Dadin Kowa

Mai girma Kwamishina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ku da ma'aikatan da ke ƙarƙashinku, ina rubuto wannan wasiƙa ne a kan yankin da aka yanke mini cibiya, wato ƙauyukan da ke bakin tafkin Dadin Kowa da gindin Dutsen Bima, a ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba. Na zaɓi in sanya ta a bainar jama'a saboda maganar ta shafi mutane da yawa waɗanda ba su da hanyar shiga ofishinku, kamar masunta da 'yan fito da dagatai, da kuma iyayen da ke barin 'ya'yansu su bi motar makaranta zuwa bakin ruwa da sunan yawon ƙara ilimi. Ni malamin sakandare ne a cikin garin Gombe, labarin ƙasa nake koyarwa, kuma na daɗe ina kai ɗalibai wannan yanki, saboda haka abin da zan faɗa da ƙafata na taka shi.

Kogin Gongola yana tasowa ne daga tsaunukan Jos, ya ratsa Jihar Bauchi ya nufi arewa maso gabas, sai da ya iso wajen Nafada sannan ya lanƙwasa ya yi kudu, har ya je ya faɗa Binuwai a Numan. A kan wannan ɓangare da ya yi kudu ne Gwamnatin Tarayya ta gina madatsar Dadin Kowa a shekarun 1980, kimanin kilomita 37 gabas da garin Gombe, tun muna cikin tsohuwar Jihar Bauchi, kafin a ƙirƙiro jiharmu a ranar 1 ga Oktoba, 1996. Daga nan ake turo ruwan famfon da mutanen Gombe ke sha, a nan ne tashar lantarki mai ƙarfin megawat 40 take, kuma daga nan manoman rani ke samun ruwan shinkafa da tumatir da albasa. Wannan duka ana ambatonsa a taruka da jawabai. Abin da ba a cika kawowa ba shi ne datse kogin da aka yi ya bar mana shimfiɗaɗɗen ruwa a tsakiyar ƙasar da rabin shekara ba ta ganin ɗigon sama, ga kuma dutse tsaye a gefensa wanda mutum zai hau ya kalli ruwan gaba ɗaya. Ɗalibina da bai taɓa wuce Kumo ko Bajoga ba, ranar da ya fara tsayawa a gaɓar nan, tambayata ya yi ko wannan ne tekun da muke zanawa a taswira.

Bari in kwatanta muku abin da ido ke gani, domin a kansa ne duk roƙona ya rataya. Idan mutum ya yi sammako a farkon watan Nuwamba, bayan damina ta ɗauke kuma hazon hunturu bai riga ya sauko ba, ya kama hawan Bima tun ciyawa tana da raɓa, kafin hantsi ya dubi ludayi zai kai wata kafaɗa ta dutsen inda iska ke fara kaɗawa da ƙarfi. Daga nan tafkin yana kwance a ƙasa, bakinsa ya shiga cikin kwaruruka ya yi rassa, kwalekwalen masunta kuma sun koma kamar ɓawon gyaɗa a kan faranti. Ana hango hayaƙin bandar kifi yana tashi daga ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya, ana hango gonakin dawa da suka yi ja suna jiran girbi, da garken shanu da ke gangarowa mashaya, balbelu na biye da su. Kukoki da giginyu su ne alamun da mutum zai riƙa gane garuruwa da su. Na ga yaran da suka cika mota da surutu tun daga Gombe sun iso wurin nan sun yi tsit, har sai da na ce su fito da littattafansu.

Dutsen kuma yana da abin da ya wuce kyan gani. Masana ilimin duwatsu sun ɗauki sunansa suka laƙaba wa wani babban shimfiɗin dutsen yashi da ya mamaye yankin Binuwai ta sama, wanda shekarunsa suka haura miliyan 100, shi ya sa ɗaliban jami'o'i ke zuwa da guduma da littafin rubutu suna duba layukan da ke jikinsa. A ɓangaren tarihi, tun a ƙarni na 19 mutane suke danganta Bima da labarin bayyanar Mahadi, suna kallonsa a matsayin zango a kan hanyar gabas. Wannan ƙasa ce Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya nufo da ɗimbin jama'a bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, har aka yi yaƙin ƙarshe a Burmi, kusa da Bajoga, ranar 27 ga Yuli na wannan shekara, inda ya rasa ransa, shi ma kwamandan Turawan, Manjo Marsh, ya faɗi a wurin. Ɗansa Mai Wurno ya ci gaba da tafiya da sauran jama'a har ƙasar Sudan, inda garin da suka kafa yake ɗauke da sunansa har yau. Mutumin da ya tsaya a kafaɗar Bima ya dubi arewa, ƙasar da aka yi wannan tafiya yake kallo, amma idan babu mai faɗa masa, duwatsu da gonaki kawai zai gani ya sauko.

Mai faɗa masa ɗin kuwa yana nan, kuma a kansa nake so in daɗe. A duk hawan da na yi da ɗalibai, wani dattijo ne daga wani ƙauye na gindin dutsen yake shige mana gaba, Baba muke ce masa. Takalmin roba ne a ƙafarsa, sanda a hannu, gorar ruwa a kafaɗa. Shi ya san turbar da ba ta da santsi bayan ruwan ƙarshe, shi ya san bishiyar da aka rataya amya a kanta, sai ya ɗaga hannu tun daga nesa ya ce yara su rage murya kada ƙudan zuma su taso. Ya san kogon da birai ke kwana, ya san ramin da ba a zura hannu a ciki. A hawanmu na bara wata ɗaliba ta gurɗe a ƙafa muna tsakiyar gangara, wayar kowa kuma babu sabis, shi ne ya yanko reshen marke ya ɗaure mata ƙafar da rawaninsa, ya bi da mu ta wata hanya mai sauƙi da ban taɓa sanin tana nan ba, alhali a yankin na girma. Da muka zauna hutawa, ya miƙa sandarsa ya nuna wani wuri a tsakiyar ruwa ya ce a nan gidan mahaifinsa yake kafin ruwa ya cika, ga inda tsamiyar ƙofar gidan take, ga inda masallacinsu yake. Da muka sauko, abin da muka iya ba shi shi ne ɗan canjin da ya rage daga kuɗin mota. Ya karɓa da hannu biyu ya yi mana addu'a, ni kuwa kunya ta hana ni haɗa ido da shi.

Ranku ya daɗe, duk lokacin da aka tayar da zancen bunƙasa yawon buɗe ido a ƙasar nan, abin da ake fara zanawa a takarda shi ne katafaren otal da ƙofar shiga mai ado da wurin wasan yara, a ware kuɗi masu nauyi, a yi bikin aza harsashi, daga nan kuma sai ciyawa ta karɓi aikin. Roƙona shi ne a wannan yanki a fara daga ƙasa, daga mutane irin su Baba da turbar da suke bi. A zauna da dagatai da masu unguwanni da sarakunan ruwa na garuruwan da ke kewaye da tafkin, irin su Hinna da Gwani da Shinga da Wade, su fitar da mutanen da suka yarda da amanarsu, dattawa da matasa, a rubuta sunayensu a matsayin 'yan jagora, a ba su katin shaida, a koya musu taimakon gaggawa na kwana biyu ko uku, sannan a yanka kuɗin jagora sananne wanda baƙo zai biya ba tare da ciniki ko jin nauyi ba. A haɗa kowane dattijo da saurayi ɗaya ko biyu masu karatu, domin abin da ke kan tsofaffin nan ya samu inda zai sauka kafin ƙasa ta rufe musu ido, domin kuma a samu mai yi wa baƙon da ba ya jin Hausa ko Teranci bayani. Matasan nan suna zaune a bakin tasha suna jiran fasinjan acaɓa da ba ya zuwa, alhali dukiyar tana bayan gidajensu.

Turbar ita ma ba ta neman kwalta ko siminti. Abin da take so shi ne a share ta sau ɗaya bayan damina, a shafa fenti a jikin duwatsu a wuraren da hanya ta rabu, a jera 'yan matakala na dutse a gangara biyu ko uku masu hatsari, a kafa rumfa da benci a kafaɗar da na ambata. A bakin titin Gombe zuwa Biu kuma a kafa allo da zai nuna mararrabar da ake shiga, da nisan tafiya, da inda za a nemi ɗan jagora. A yau wanda ya taso daga Kano ko Abuja da niyyar hawan Bima sai dai ya yi ta tsayawa yana tambayar masu shayi, kowa ya nuna masa tasa hanyar.

Batun ruwa ya fi wannan nauyi, domin a nan ne rai yake. Kusan duk wanda ya zo bakin tafkin sai ya so a zaga da shi a kwalekwale, 'yan fito kuma ba sa ƙi, tunda abincinsu ke nan. Na taɓa tsayawa a wata mashiga ina kallo aka loda 'yan makaranta sama da goma a jirgin da aka sassaƙa domin masunci da ɗansa da komarsu, bakin jirgin saura kamar tafin hannu ya taɓa ruwa, wani yaro yana tsugune a tsakiya yana kwarfe ruwan da ke shigowa da yankakken galan, malaminsu kuma yana tsaye a gaɓa yana ɗaukar su hoto. Babu ko ɗaya a cikinsu da ke sanye da rigar kariya, kuma da wuya a ce akwai wanda ya iya iyo. Allah ya tsare suka dawo lafiya, amma kowa ya san yadda iskar yamma ke tayar da igiyar ruwa a tafkin nan cikin ɗan lokaci. Rigunan kariya guda ashirin ko talatin a kowace babbar mashiga, a hannun sarkin ruwa, da doka mai sauƙi cewa baƙo ba ya shiga jirgi sai da riga, kuma kowane jirgi an rubuta masa adadin mutanen da zai ɗauka, ba su kai kuɗin tayoyin motar ofis ɗaya ba.

Sai dorina. Mutanen birni suna jin sunanta su yi murna, suna so a kai su kusa su ɗauki bidiyo. Manomin bakin ruwa kuwa yana jin sunanta gabansa ya faɗi, domin a dare ɗaya takan shiga gonar shinkafa ko masara ta cinye wahalar wata uku, kuma ta sha kifar da jirage tana halaka mutane a yankin nan. Dabba ce da ke yini a ruwa ta fito kiwo da dare, tana da zafin rai musamman idan tana da ɗa, kuma duk girman jikinta mutum ba ya tsere mata a tudu. Idan har za a tallata dorinar Dadin Kowa a matsayin abin kallo, kuma ya kamata a yi, to wajibi ne masunta su nuna wuraren da take zama, a ware tudun da za a riƙa hangen ta daga nesa, a hana kusantarta da jirgi, sannan wani kaso na abin da baƙi suka biya ya tafi ga manoman da ta yi wa ɓarna. Manomin da dorina ta cinye masa gona, ya ga baƙi suna tafa mata, shi kuma ko jaje ba a yi masa ba, ba za a ga laifinsa ba idan ya fara neman maharbi. A kan allon da za a kafa a mashiga a ƙara da gargaɗi kan wanka a gefen ruwa mai ciyayi, saboda cutar tsargiya da ake ɗauka daga ƙananan dodon-koɗin da ke zama a irin wannan wuri, wadda yaranmu na bakin ruwa suka daɗe suna fama da ita.

Akwai kuma abin da ke cin dutsen a hankali. Gangaren da na sani cike da ƙirya da marke da kanya ina yaro, yanzu kututture ne da baƙin tabon ramin gawayi, buhuna kuma suna jere a bakin titi suna jiran motar birni. Ba na zagin mai yin gawayi, domin na san abin da ke tura shi, mu da ke cikin gari kuma mu ne masu saye. Amma idan bishiya ta tafi, ruwan sama yana wanke ƙasar gangara ya zuba ta a tafki, zaizaya ta ci gonakin gindin dutse, tafkin kuma ya riƙa cikewa da laka. Gwamnatin jiha tana da shirin dashen itatuwa da aka sani da 3G, ga kuma Kwalejin Tarayya ta Koyon Aikin Lambu a cikin Dadin Kowa kanta, wadda rainon dashe sana'arta ce. Ina ganin ofishinku zai iya haɗa waɗannan biyu da 'yan jagoran da na ambata, a ba su dashen itatuwan gida su shuka a bakin turba su kuma yi gadinsu, domin wanda yake cin abinci daga inuwar hanya ba zai bari a sare ta ba. Su ne kuma za su hana baƙi zubar da ledar ruwa da robar lemo a kan dutse, da wannan ɗabi'a ta rubuta suna da lambar waya da fenti a jikin duwatsun da suka girmi kowa.

Na san madatsar da kanta ba a hannun jiha take ba, tana ƙarƙashin Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama ne, kuma akwai wuraren da tsaro bai yarda baƙo ya shiga ko ya ɗauki hoto ba. Wannan daidai ne. Abin da ake bukata shi ne a zauna da su a fayyace inda aka yarda da inda aka hana, a rubuta a kafa, domin malamin da ya ɗauko yara hamsin ya san matsayinsa tun kafin ya bar Gombe. Haka nan a ji ta bakin masu sarauta kan wuraren da mutanen gari ke girmamawa, kamar maƙabartu da wasu kogunan dutse, a kuma koya wa baƙi cewa matan da ke wanki ko gyaran kifi a gaɓa matan aure ne a bakin aikinsu, ba a ɗora musu kyamara sai da izini.

Da gangan na taƙaita a kan Bima da tafki, amma maganar ta shafi sauran wurarenmu. Tudun Tula a ƙaramar hukumar Kaltungo yana da gonakin da aka yi wa matakala da jeren duwatsu a jikin gangara, da tsohon gidan yari na zamanin Turawa, da sanyin iskar da ba a samu a Gombe. Dutsen Kilang yana tsaye shi kaɗai kamar an dasa shi, duk mai bin hanyar Yola ya san shi. Ga madatsar Balanga, ga dajin Kanawa a kan hanyar Dadin Kowa ɗin kanta, ga Gombe Abba inda Buba Yero ya kafa masarauta, ga filin Burmi. A kowane ɗayansu akwai irin Baba, kuma a kowane ɗayansu baƙo yana isa ne da tambaya. Maƙwabtanmu na Bauchi suna da Yankari, wadda aka keɓe tun 1956 aka buɗe wa masu ziyara a 1962, da ruwan ɗumi na Wikki, kuma sunan da ta yi ya samu ne saboda wanda ya je ya san zai tarar da ƙofa da ma'aikaci da ɗan jagora. Yawancin masu zuwa can daga gabas ta cikin garin Gombe suke wucewa, kuma kwana ɗaya da za su ƙara a wurinmu ciniki ne ga mai masauki da mai tuƙa mota da matar da ke soya karfasa da tarwaɗa a bakin mashiga.

Game da kuɗin da za a riƙa karɓa, ina roƙon a yi shi a fili tun ranar farko: farashi a rubuce a kan allo, rasit ga duk wanda ya biya, rangwame ga 'yan makaranta, da kaso sananne da zai zauna a ƙauyen, a hannun kwamitin da dagaci da sarkin ruwa da wakiliyar mata suke ciki. Idan aka bar shi a buɗe, cikin wata uku za a ga wasu sun ɗaura igiya a bakin hanya suna karɓar na goro, mutanen gari kuma su koma 'yan kallo a ƙofar gidansu.

Daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba ne lokacin da ya fi dacewa da hawa, domin tafki yana cike, ƙasa ta tsane, sararin sama kuma garau yake. Da hazo ya sauka ba a hango komai, a watan Maris da Afrilu kuwa dutsen yana ɗaukar zafin da ba a kai yara. Saboda haka idan za a share turba a kafa alluna, aikin watan Satumba da Oktoba ne. Ni da ɗalibaina za mu sake hawa a makon farko na Nuwamba in Allah ya kai mu, kuma ina gayyatarku, ko wani jami'i da za ku wakilta, ya biyo mu. Ya zo da takalmi mai kama ƙasa da ruwan sha, ya iso gindin dutsen kafin ƙarfe bakwai na safe, domin Baba ba ya yarda a fara hawa bayan rana ta ɗaga.

Na gode da lokacin da kuka ba wannan wasiƙa. Allah ya taya ku riƙo, ya ba jiharmu lafiya da zama lafiya.

Wassalam,
Naku,
Wani malamin labarin ƙasa, ɗan bakin tafkin Dadin Kowa,
Gombe.